Wai Buddha cewa ya yi sai ka daina son kowa kafin ka huta da baƙin ciki?

Mai Jiran Asuba ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙowa ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai ga ni da tawa.

Ina aji biyu a jami'a, zangon nan kuma an ɗora mana darasin addinan duniya. Makon jiya muka shiga addinin Buddha. Malamin ya raba mana takarda shafi uku, a ciki akwai abin da aka kira gaskiya huɗu masu daraja: rayuwa wahala ce, so da sha'awa ke kawo wahalar, in an bar su wahala ta ƙare, akwai kuma hanya mai rassa takwas da ake bi. Ya ce mu haddace, za ta fito a jarrabawa. Sauran 'yan aji suka ninke takarda suka sa a jaka. Ni kuwa abin ya tsaya mini a maƙogwaro.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata. Akwai saƙon muryarta a wayata, daƙiƙa 41, tana tambaya ko na isa lafiya, tana ce mini kada in manta da shan magani, a ƙarshe ta yi tari ta ce "to shi ke nan". Kowane dare sai na saurara, wani lokaci sau biyar, wani lokaci ban san adadi ba. Tabaranta yana nan a aljihun teburina, wanda ƙafarsa ɗaya ta karye ta ɗaure da baƙin zare. Da na karanta layin nan na biyu sai na ji kamar an ce mini ni na jawo wa kaina, da ban so ta ba da yanzu ina barci lafiya.

Ni Musulma ce, ba addini nake nema ba, kada wani ya tayar da hankalinsa. So nake in san ko da gaske haka mutumin ya koyar, ko kuwa takardar ce ta daddatse maganar. Domin na kasa gane yadda miliyoyin mutane za su shekara sama da 2,000 suna bin wanda ya ce musu kada su so iyayensu.

Baban Yara ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙurin rashi. Ki karanta don jarrabawa, ki san abin da wasu suka yi imani da shi, wannan ba laifi. Maganin abin da ke damunki dai kin san inda yake: addu'a gare ta, sadaka da sunanta, da haƙuri. Kuka ba haramun ba ne, 'yata. Sauran bayanin na bar wa masu sani.

Tsohon Ɗalibin Indiya ya rubuta:

Amin ga addu'ar Baba. Ƙanwata, takardar ta daddatse maganar, kuma a gaɓar da ta fi muhimmanci ta datse.

Na yi karatun haɗa magunguna a Indiya, wani hutu abokin ɗakina ya ja ni Sarnath, kilomita goma ko makamancin haka daga Varanasi. Nan ne aka ce Buddha ya yi wa'azinsa na farko ga mutum biyar, a wani dajin barewa. Akwai wani ƙaton gini na dutse da bulo mai kama da rumbu, Dhamek, tsayinsa ya haura mita 40, na ga mutane daga Tailan da Sri Lanka da Tibet suna zagaya shi shiru, babu mai ɗaga murya. A gidan tarihin wajen ne aka ajiye kan ginshiƙin Sarki Ashoka mai zakuna huɗu, wanda yanzu shi ne tambarin ƙasar Indiya. Daga wannan ziyara na fara karanta abin, don son sani kawai.

Kalmar da aka fassara muku da wahala ita ce dukkha, a harshen Pali, harshen tsoffin littattafansu. Ta haɗa da ciwo da tsufa da mutuwa, da rabuwa da wanda kake so, da zama da wanda ba ka so, da rasa abin da kake nema. Ta kuma haɗa da wani abu mai sanyi-sanyi da ba mu cika ba shi suna ba: ranar da kike cikin farin ciki amma can ƙasan zuciya kin san zai wuce. Bai ce babu daɗi a duniya ba, ya ma lissafa ire-iren jin daɗin mai gida da iyali. Cewa ya yi babu wani daɗi da zai tsaya, kuma mu muna mu'amala da shi kamar zai tsaya.

Ta biyun ita ce tanha, ma'anarta ta asali ƙishirwa. Ki lura, ƙishirwa aka ce. Suna kasa ta uku: ƙishirwar jin daɗi, ƙishirwar zama wani abu ko ci gaba da kasancewa, da ƙishirwar a ce abu ya ɓace, har da kai kanka. Ƙauna kuwa kalmarta daban, metta, kuma umartar su aka yi da ita. Misalin da aka ba su shi ne na uwa mai kare ɗanta tilo da ranta, aka ce haka za su ji game da duk wani mai rai. Wanda ya ɗauki uwa ya yi ma'aunin ƙauna da ita ai ba zai ce ki daina son taki ba.

Misalin da ya fi zauna mini shi ne na kibiya biyu. Mutum aka harba da kibiya, ciwo ya kama shi. Sai ya shiga me ya sa ni, da na sani, ba zan taɓa warkewa ba, wane ne ya ja mini. Wannan ita ce kibiya ta biyu, a kan miki guda. Buddha ya ce wanda ya horu ma ta farkon tana samunsa, ta biyun ce ba ta samunsa. Shi kansa a tsufansa an ruwaito yana fama da ciwon baya, har yakan ce wa almajirinsa Sariputta ya ci gaba da wa'azin, shi zai je ya miƙe bayansa. A wajen aiki ina ganin wannan kullum. Mutum biyu, cuta ɗaya, magani ɗaya, amma ɗaya ya zo karɓa yana zolayata, ɗaya kuma tsoron abin da bai faru ba ya riga ya cinye rabinsa.

Rashin Mama kibiya ta farko ce, babu wanda zai cire miki ita da magana. Ke kaɗai kika san ko akwai ta biyu.

Gaskiya Ɗaci ta rubuta:

Allah Ya jiƙan mahaifiyarki, 'yar'uwa. Malam na Indiya, ka yi bayani mai daɗi amma ka shafa wa abin zuma. Ni ma na yi wannan darasin shekarun baya, kuma akwai labarin da ba ka kawo ba. Wata attajira mai suna Visakha jikarta ta rasu, ta zo wajensa da rana tsaka, gashinta da tufafinta a jiƙe. Ya tambaye ta ko za ta so a ce tana da 'ya'ya da jikoki yawan mutanen birnin Savatthi. Ta ce ƙwarai. Ya ce to mutum nawa ke mutuwa a birnin kullum? Ashe ba za ki taɓa bushewa ba ke nan. Ya rufe da cewa mai masoya ɗari baƙin cikinsa ɗari, wanda ba shi da ko ɗaya ba shi da baƙin ciki. To wannan fa? Ba abin da yarinyar nan ta fahimta ba ke nan?

Sannan mu faɗi gaskiya, mutumin nan yana da shekara 29 ya fice daga gida ya bar matarsa Yasodhara da jariri Rahula. Ɗan sarki ne, ya san akwai mai ciyar da su. Da talaka ne ya yi haka sunansa gudajje. Kuma ni abin da ya fi ba ni haushi da irin wannan koyarwa, ko daga ina ta fito, shi ne yadda take wa azzalumi daɗi. Ka hana mutum haƙƙinsa, ya yi kuka, ka ce masa matsalar tana cikin zuciyarsa, ya rage buri. Mai jin yunwa ba kibiya ta biyu ke damunsa ba.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Ina yi miki ta'aziyya, ɗalibata, ko da ba a ajina kike ba. Allah Ya gafarta mata.

Hajiya Gaskiya Ɗaci ba ta yi ƙarya ba, labarin Visakha yana nan cikin littattafansu, kuma ba na son a ɓoye shi don a faranta wa mai tambaya. Akwai tsauri a wannan koyarwa. Ƙarshen hanyar, ga wanda ya bi ta har iyaka, shi ne ya kai inda ba ya riƙe komai a matsayin nasa, har 'ya'yansa. Shi ya sa masu neman wannan matsayi suke aske kai su bar gida. Amma mafi yawan mabiya ba su taɓa barin gida ba, kuma akwai koyarwa mai yawa dominsu a kan haƙƙin iyaye da na mata da miji da na ma'aikaci. An ma ce ko mutum ya shekara ɗari yana ɗauke da uwarsa a kafaɗa ɗaya ubansa a ɗaya, bai biya su ba.

Kan batun barin gida, ko a cikin labaransu an nuna cewa ya bar ciwo a baya. Da ya dawo garinsu Kapilavatthu ya shigar da Rahula cikin almajirai, mahaifinsa Suddhodana ya je ya gaya masa irin zafin da ya ji, ya roƙi kada a ƙara karɓar yaro ba da yardar iyayensa ba. Ya amince, ta zama doka. Wani abu kuma da takardarku ba ta faɗa ba: shi ma maraya ne, mahaifiyarsa Maya ta rasu yana da kwana bakwai, ƙanwarta Mahapajapati ce ta raine shi.

Batun yunwa ma an yi shi. Akwai labarin wani manomi da ya yini neman sansa da ya ɓace, ya iso wajen wa'azi a galabaice, Buddha ya ƙi fara magana sai da aka ba shi abinci, ya ce babu cutar da ta kai yunwa. A wani wurin an ba wani sarki shawarar cewa kisa da ɗauri ba za su kawar da fashi ba, ya ba manoma iri, 'yan kasuwa jari, ma'aikata albashi. Duk da haka ƙorafin Hajiya tsoho ne, har a tsakanin mabiyansa. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya shiga addinin a Nagpur ranar 14 ga Oktoba 1956 tare da dubban ɗaruruwan mutanen da tsarin ƙabilanci na can ya mayar ƙasƙantattu, kuma shi kansa ya nuna shakka a kan yadda ake gabatar da gaskiya huɗun nan, yana ganin tana iya kashe wa talaka gwiwa. Don haka ba Hajiya kaɗai ba ce.

Bari in koma kan jarrabawarki, tunda ita ma tana tafe. Masana da yawa sun lura cewa gaskiya huɗun tsarin likita ne: ga cuta, ga sanadinta, ana warkewa, ga magani. Kowacce kuma da aikin da aka ɗora mata. Ta farko a fahimce ta, ta biyu a rabu da ita, ta uku a ɗanɗana ta da kai, ta huɗu a yi ta aikatawa. Idan kika rubuta wannan kin wuce mai hadda kawai. Ki dubi ta farkon da kyau: ba a ce a gudu daga dukkha ba, cewa aka yi a tsaya a dube ta har a san ta.

Rassa takwas ɗin ana tara su gida uku. Akwai na ɗabi'a, wato gyara magana da aiki da hanyar neman abinci, inda aka hana fataucin makamai da mutane da nama da kayan maye da guba. Akwai na horon zuciya, wato ƙoƙari da lura da natsuwa. Akwai na hikima, wato daidaita fahimta da niyya. Lurar nan ita ce ta fi yaɗuwa a duniya yanzu, har asibitoci a Amurka da Turai sun ɗauke ta sun cire mata rigar addini. Asalinta mutum ya zauna ya bi numfashinsa, shiga da fita, in tunani ya zo ya san ya zo, in ya tafi ya san ya tafi, ba ya kora ba ya riƙewa. Da sauƙin faɗa. Na gwada minti goma sau ɗaya don in san abin da nake koyarwa, kafin numfashi na huɗu na riga na tafi lissafin kuɗin makarantar yara.

Ana kiranta hanyar tsakiya saboda shi ya gwada gefe biyun. Ya taso cikin daula, sannan ya shekara shida yana neman mafita, ya azabtar da kansa da yunwa har haƙarƙarinsa suka fito, bai samu komai ba. Sai da ya ci abinci ya samu ƙarfi, abokansa biyar suka yi fushi suka watse, sannan ya zauna ƙarƙashin bishiya a inda ake kira Bodh Gaya yanzu, yana da shekara 35. Ya yi shekara 45 yana koyarwa, ya rasu yana da 80 a Kusinara. Daga baya ya yi wa wani almajiri mai suna Sona, wanda ya matsa wa kansa har ƙafafunsa suka yi jini, misali da tsirkiyar abin kiɗa: in ta yi tauri ba ta sauti, in ta saki ba ta sauti.

Inda ake son a kai shi ne nibbana, kalmar tana nufin mutuwar wuta, kuma wutar uku ce: kwaɗayi, ƙiyayya, ruɗu. A nan ne ya kamata ki san inda muka rabu da su nesa ba kusa ba, don kada kamannin wasu kalmomi ya rufe miki ido. Koyarwar ba ta ginu a kan Mahalicci ba, ba a roƙon kowa ya yaye wahala. Sun ce babu wani tabbataccen rai da ke zaune cikin mutum, anatta suke kiran wannan, mutum tarin abubuwa biyar ne masu canzawa. Kuma sun yi imani ana mutuwa a sake haihuwa, a yi ta zagayawa gwargwadon aiki, nibbana ita ce fita daga zagayen. Haƙurinmu yana da Wanda ake yi dominSa da ladan da ake jira da fatan haɗuwa. Nasu sakin ba ya jiran haɗuwa da kowa. Ko tsakaninsu ma akwai bambanci: a Sri Lanka da Tailan da Myanmar an fi riƙe tsoffin nassoshin Pali, waɗanda aka shekara ɗaruruwa ana haddace su kafin a rubuta a Sri Lanka a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a Sin da Japan da Koriya kuma an fi ɗaukaka wanda ya sha alwashin ba zai tsira shi kaɗai ba sai da sauran halittu.

Labari ɗaya zan ƙara, don ya fi kusa da halinki. Kisa Gotami ɗanta tilo ya mutu, ta ɗauki gawar tana bin gida-gida neman magani, mutane suna cewa ta zautu. Aka tura ta wajen Buddha. Bai yi mata wa'azi ba. Ya ce ta samo masa 'yan ƙwayoyin mastad, abin da kowane gida a can yake da shi, amma daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Kowace ƙofa ta buga ana cewa ga ƙwaya, amma mun rasa uba, mun rasa 'ya, matattunmu sun fi rayayyunmu yawa. Kafin dare ta kai ɗanta makwanci da kanta. Kuma Ananda, wanda ya yi masa hidima shekara 25 yana jin duk wannan koyarwa, da ya ga malaminsa zai mutu sai ya koma gefe ya jingina da ƙofa yana kuka. Aka kira shi, Buddha ya tuna masa cewa rabuwa dole ce, sannan ya yabe shi a gaban jama'a saboda ƙaunar da ya yi masa hidima da ita.

Gaskiya Ɗaci ta rubuta:

Malam na gode, batun manomin ban san shi ba. Amma har yanzu ina nan kan bakata game da Yasodhara. Mun ji yadda mahaifinsa ya ji, ita fa?

Mai Jiran Asuba ta rubuta:

Na gode muku duka. Baba, amin, ina yi mata addu'a kullum, Allah Ya saka da alheri. Yaya na Indiya da Malam, na kwafe bayaninku cikin littafina, ya fi takardar da aka ba mu. Anti Gaskiya Ɗaci, ni ma tambayar Yasodhara ta tsaya mini, zan yi wa malaminmu ita ranar Talata in ga yadda zai yi.

Batun kibiya ta biyu ne ya hana ni barci jiya, ba irin rashin barcin da na saba ba. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, ranar da ta turo saƙon nan ban kira ta ba. Ina cikin mota, na ce sai na isa, da na isa na gaji, na ce gobe. Na kira goben, mun yi magana, ta ƙara kwana goma sha ɗaya a duniya, babu abin da ya faru saboda wannan jinkirin. Amma duk daren da na kunna saƙon, ba muryarta nake saurare ba, shari'a nake yi wa kaina, daƙiƙa 41 ana karanta mini laifina. Ban taɓa lura ba sai jiya.

Don haka na kunna shi sau ɗaya, na ce bari in ji abin da ta faɗa kawai. Ashe a bayan muryarta akwai ƙarar rediyo, da ƙanina yana tambayarta inda ta ajiye makulli, ta ce masa "duba ƙarƙashin filo" kafin ta dawo kaina. Wata bakwai ina sauraron saƙon nan ban taɓa jin wannan ba. Na yi kuka sosai. Da safe na tura wa ƙanin nawa, ya kira ni yana dariya yana kuka, wai makullin ma ba a ƙarƙashin filon yake ba, a hannunta yake.

Malam, tambaya ɗaya ta rage kafin jarrabawa: abubuwa biyar ɗin nan da ka ce su ne mutum a wajensu, waɗanne ne? Takardarmu ba ta kawo su ba.